Yadda Na Kurmantar da Rediyon Surukina

Shekarun baya, lokacin ina sabon ango kuma ina gyaran injinan ban-ruwa a Jabal Awliya, wani gari mai dam a bakin kogi, saura kaɗan in sa surukina ya yi wa mai rai sadakar mutuwa. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni, amma abin da ya fi zama a raina shi ne mamakin abin da kunnena ya ji a ƙarshe.

Iyayena leburorin gonar auduga ne a yankin Jazira, ni kuma a gindin famfon ban-ruwa na tashi. Duk abin da na sani na lantarki a jikin manyan injina na koye shi: waya mai kaurin yatsa, makunnin da idan ya kama sai ka ji dukansa a ƙirjinka. Saboda haka a wurina abu in ba shi da nauyi, to ba shi da ƙarfi. Mutane suna ce mini usta, wato gwanin sana'a, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Surukina yana zaune a Umdurman. Kakanninsa alhazai ne daga Damagaram da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Ya yi aikin wayar tangaraho har ya yi ritaya, kuma a wannan aiki kunnensa na hagu ya daina ji. Yana da lasisin rediyon 'yan sha'awa, irin rediyon da mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi magana, wani a wata ƙasa ya amsa masa. A ƙuryar gidan akwai wani ɗan ɗaki da ba mai shiga sai da izini. A ciki akwai na'urar aikawa, da na'urar karɓa, da wata amfilifaya da ya haɗa da hannunsa don ƙara wa muryarsa ƙarfi. Kwalabe biyu ne a cikinta masu yin ja idan sun ɗauki zafi, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Ya ce amfilifayar tana fitar da ƙarfin wuta kusan wat dubu, kuma wannan ne kaɗai abin da ya burge ni a ɗakin.

Eriyarsa ɗaya ce, waya ce doguwa da aka ɗaure tsakanin gora biyu a saman soro, amma aikinta biyu. Idan zai yi magana sai a haɗa ta da amfilifaya, idan ya saki makirfo sai a mayar da ita ga na'urar karɓa. Abin da ke yin wannan juyi shi ake kira rile, wani makunni ne da lantarki ke motsa shi. Nasa yana cikin wani akwatin kwano a jikin bango ta waje, daidai inda wayar ke fita, dab da madafar surukata.

Duk wannan kaya kusan saboda mutum ɗaya yake ajiye da su. Yana da aboki a Damagaram, shi ma tsohon ma'aikacin waya ne, kuma ba su taɓa ganin juna ba. Wata rana ne ya ji ana kira da wata irin Hausa da ta tuna masa da kakarsa, ya amsa, shi ke nan. Kowace Juma'a bayan la'asar ɗinmu, lokacin su can sun dawo daga masallaci, sai su haɗu su yi hira: farashin gero, ciwon gwiwa, wanda ya haihu, wanda ya rasu. Sun yi shekara ashirin a haka. Da tsufa ya kama su sai suka yi alkawari, tun da wasiƙa a lokacin tana iya yin wata biyu a hanya: duk wanda aka kira Juma'a uku a jere bai amsa ba, ɗayan ya ɗauka ya riga mu gidan gaskiya, ya tara mutane a yi masa addu'a da sadaka.

Ana nan sai aka yi wa surukina aikin yanar ido, likita ya hana shi duk wani aikin ƙura ido. A makon ne kuma rilensa ya ƙone. Ashe zanzaro ne ya shiga akwatin ya gina ɗakinsa na laka a kan bakin rilen, inda ƙarafansa ke haɗuwa, da aka kunna wuta ta yi tsalle ta narkar da shi. Sai ya aiko a kira ni. Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurina tun da na auri 'yarsa, don haka na zo ina jin kaina kamar an kira ni gyaran dam.

Ya ce in je kasuwar Umdurman, layin masu sayar da tsofaffin kayan jirage, in nemi wani dattijo mai rumfa a ƙarshen layin, in ce ya ba ni rilen gilas ɗin da ya taɓa nuna masa. Na je. Dattijon ya buɗe wani gwangwani, ya warware auduga a hankali kamar mai fito da ƙwai, ya miƙo mini wani abu da bai wuce babban yatsana ba. Gilas ne da ɗan jan ƙarfe a gindi. Na ɗaga shi a tafin hannuna, ban ji nauyin komai ba. Na tambaye shi ko wannan ne zai ɗauki wat dubu, ya ce shi ne. Na yi dariya na mayar masa. A raina na ce ciwon ido ya taɓa lissafin tsoho, ga kuma ɗan kasuwa yana neman ya yi mana wayo.

Na koma Jabal Awliya na buɗe akwatin tarkacena, na ɗauko wata tsohuwar kontakta, wato babban makunnin da ke tayar da injin famfo. Ta yi shekaru tana aiki a bakin kogi, nauyinta ya kai na bulo. Na gwada ta yadda muke gwada komai a sana'armu: na jona ƙwan lantarki a bakinta na aikawa, ya kama, na jona a ɗan ƙaramin bakin da zan ba na'urar karɓa, nan ma ya kama tar. Ranar Alhamis na je na ɗaura ta, sai da na buɗa akwatin da guduma kafin ta shiga. Surukina yana ɗaki da ƙyalle a ido, ya tambaya ko an samu. Na ce, "An samu, Baba." Ba ƙarya na yi ba, ba kuma gaskiya na faɗa ba. Na gaya wa kaina cewa ba a musu da suruki, gara in yi masa abin da ya fi wanda ya nema, in bar aikin ya yi magana.

Juma'ar farko na zauna a bakin gadon igiya da ke ɗakin ina kallo. Ya sa abin ji a kunne, fanka ta ɗauki ƙara, kwalabe suka yi ja. Ya danna makirfo ya yi kira, alluran ma'aunin na'urar suka yi tsalle, ni kuma na gyara zama. Ya saki, ya saurara. Babu amsa. Ya murɗa nan ya murɗa can, ya ce yana jin manyan tashoshi ɗaya biyu can ƙasa-ƙasa, saura duk shiru. Ya ce sama ce ta rufe, takan yi haka wani lokaci, musamman idan yanayi zai sauya. Ya yi ta kira har aka kusa magariba sannan ya kashe.

Juma'a ta biyu haka aka yi, sai dai wannan karon bai yi zancen sama ba. Ya yi kira ya fi sau talatin. Can da rana ta yi ƙasa sai ya riƙe makirfon da hannu biyu, muryarsa ta sauya, ya ce: "Malam, in ka riga ni tafiya, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini." Ya saki, ya jira, ya cire abin jin ya ajiye a kan tebur. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Har na soma shirya kalmomin ta'aziyya a raina, kuma don ku san irin mutumin da nake a lokacin, a hanyar komawa gida ina gaya wa matata cewa ko ba komai dai aikina bai ba da kunya ba.

A makon nan ya rage cin abinci. Ya ce wa surukata ta tanadi gero da sukari da ganyen shayi, ya sanar da limamin unguwa cewa idan Juma'a mai zuwa ta wuce shiru, ranar Asabar za a yi saukar Alƙur'ani. Matata ta ce da rana takan same shi zaune a ɗakin rediyon, bai kunna komai ba, hannunsa kawai a kan tebur.

Ranar Alhamis na zo da rago daga Jabal Awliya don sadakar, ina jin na cika surukin kirki. Ina ɗaure shi a tsakar gida, surukata tana madafa tana yin kisra, wainar nan mai faɗi da muke ci da miya. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai daga nesa, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. Sai na ji ta kira matata, ta yi magana da muryar da ta san za ta kai inda nake.

"Ke, tambayi mijinki me ya sa a akwatin nan. Shekara ashirin ina jin abin nan yana cewa ƙis, kamar an karya tsinke, da shi nake sanin an fara hira in ɗora shayi. Tun da ya taɓa shi sai ƙwam, kamar an saki taɓarya, har tukwanena suna amsawa."

Surukina yana kan tabarma a inuwa, kunnensa mai ji yana fuskantar madafar. Shi bai taɓa jin ƙarar rilen ba, ga fanka, ga abin ji a kunne ɗaya, ɗayan kuma a mace. Ya miƙe ya ce in kama hannunsa in kai shi wurin akwatin. Na buɗe masa. Ya sa yatsunsa yana shafa kontaktar, daga sama har ƙasa, ya daɗe yana shafawa. Ni kuma ina tsaye ina fatan ƙasa ta tsage.

"Bashmuhandis," in ji shi, wato babban injiniya, kuma bai taɓa kirana haka ba sai ranar. "Wannan ba ta famfo ba ce?"

Na ce ita ce, Baba. Na fara bayani da sauri, na ce na ga na gilas ɗin ya yi ƙanƙanta, na ce wannan ta fi shi ƙarfi sau ɗari, na ce na gwada kowane baki da ƙwan lantarki kuma ya kama. Ya tambaye ni wuta mai bolt nawa ce ke kunna ƙwan. Na ce ɗari biyu da wani abu. Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. Ya ce bakin ƙarfen da ya yi shekaru a bakin kogi yana da wata 'yar tsatsa da ido ba ya gani. Wutar ƙwan lantarki tana fasa ta ta wuce, wutar amfilifaya ma haka. Amma muryar da ta taso daga Damagaram, ta hau sama ta dawo, lokacin da za ta sauka a kan wayarmu ba ta fi 'yan kaso kaɗan cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Wannan 'yar tsatsa a wurinta katanga ce.

Sai ya dafa murfin akwatin. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ke nan wataƙila yana can yana amsawa."

A ranar muka tafi kasuwa, shi da baƙin tabarau, ni ina riƙe da hannunsa. Dattijon mai rumfa ya gan ni ya gane ni, ya ɗauko gwangwaninsa. Surukina ya kai ɗan gilas ɗin kunnensa na dama, ya ce a taɓa masa batir. Ni da nake tsaye kusa, da ƙyar na ji ɗan ƙis ɗin cikin hayaniyar kasuwa. Ya sa aka maimaita sau huɗu, sannan ya ce a naɗe.

A mota yake gaya mini abin da ya sa ya zaɓe shi, a hankali, kamar ba ni na jawo masa baƙin cikin mako biyu ba. Ya ce an zuƙe iskar da ke cikin gilas ɗin duka. Inda babu iska wuta ba ta samun abin takawa ta yi tsalle, shi ya sa ɗan ƙaramin baki yake tare dubban bolt. Kuma inda babu iska babu tsatsa, babu ƙura, zanzaro ma sai dai ya leƙa. Ya ce lambar da aka rubuta a jikin kontaktata ta wutar gida ce, wutar rediyo kuwa halinta daban, a fatar ƙarfe take gudu, kuma tana son hanya gajera. Sannan ga sauri. Dole rile ya gama rufewa kafin ƙarfin amfilifaya ya iso, kuma ƙarfin ya tsaya kafin rile ya buɗe. Ya tambaye ni ko a gonakinmu ana tayar da famfo kafin a buɗe wa ruwa hanya. Na ce a'a, bututu zai fashe. Ya ce to kontaktata nauyinta ya sa take makara, duk dannawar da ya yi ƙarfin yana riga ta isowa. Da muka koma gida na kwance ta, na ga bakinta na aikawa duk ya yi baƙin tabo. Ya shafa tabon ya ce Allah ne kaɗai ya tsare kwalabensa, don in sun mutu babu inda zai samo wasu.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗaura sabon. Shi yake faɗa ni nake yi. Ya sa na yanke kowace waya ta zama gajera, duk inda na yi dalma sai ya bi da yatsa ya ji. Ɗan gilas ɗin ya zauna a tsakiyar akwatin da na buɗa da guduma, fili ya kewaye shi ta ko'ina.

Bayan la'asar ya ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe, ya cire abin ji ya mayar da sautin lasifika. Matata da surukata suka tsaya daga bakin ƙofa. Ya kunna na'urar karɓa, sai wata ƙara ta taso kamar ruwan sama a kan kwano. Yana murɗawa muryoyi suna ɓullowa: wani da Larabci, wani da harshen da ban taɓa ji ba, wata mace tana dariya a wata duniya, ga masu bugun tangaraho birjik kamar tsuntsaye a bishiya. Duk waɗannan mutane suna wucewa ta saman soronmu cikin makonni biyun nan, suna wucewa ta saman kaina duk shekarun da na yi a gindin famfo, kuma ban sani ba. Ƙarfinsu duka in an tara ba zai motsa ƙafar sauro ba, amma ga su a ɗaki muna jin numfashinsu. Na ce Allahu akbar ban san ya fito fili ba.

Surukina ya kai inda suke haɗuwa da abokinsa ya tsaya. Na zaci zai danna makirfo, amma bai danna ba, ya ɗora hannunsa a gwiwa yana jira. Can ƙarƙashin ƙarar sai ga wata murya siririya, a dushe, tana zuwa tana komawa.

"Alhaji, in kana jina, ka bar kira ka saurara. Ban mutu ba. Alhaji, ban mutu ba, kunnenka ne."

Mai muryar ya maimaita sau uku kafin surukina ya iya ɗaga hannu. Ya danna, daga waje ɗan gilas ya ce ƙis. Ya ce, "Ina jin ka, Malam." Sai ya saki makirfon.

Abin da ya fito daga lasifikar da farko dariya ce, daga baya ta zama wani abu dabam. Da mutumin Damagaram ya samu murya sai ya ce duk kiran da aka yi masa ya ji, muryar surukina har tana girgiza masa tebur. Ya ce yafiyar da aka nema ya bayar tun makon jiya, ya yi ta faɗa har maƙogwaronsa ya dushe, iyalinsa suka zaci ya zautu. Ya ce ya aiko da wasiƙa, amma ya san kafin ta iso an riga an cinye ragonsa. Surukina yana share ido ta ƙarƙashin tabarau ya ce masa mijin 'yarsa ne ya sa wa rediyon bakin famfo. Mutumin ya ce a gaishe da mai famfo, a ce masa mamaci yana godiya. Na sunkuyar da kai, matata kuwa dariya har da riƙe bango. Wasiƙar ta iso bayan mako shida.

Ragon dai an yanka shi ranar Asabar, liman ya zo, aka mayar da zaman na godiya. Surukata ta aiko mini da shayi ta hannun 'yarta, da saƙon cewa jiya ta ji abin akwatin nan ya dawo hankalinsa.

Na ci gaba da gyaran famfo har na tsufa, kuma ban daina son manyan injina ba. Amma tun daga ranar na daina auna abu da nauyinsa a tafin hannu, na kuma daina cewa aiki ya yi don kawai ƙwan lantarki ya kama. Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne ɗan bakin ƙarfe guda, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ne yake ɗaukar tsawar wat dubu ya kai ta wata ƙasa, kuma kafin ƙiftawar ido ya juyo ya karɓi raɗar da ta fi komai rauni. Ni na yi tanadin tsawar, na manta da raɗar.

Sun ƙara shekara shida suna hirarsu. Sai wata Juma'a aka kira babu amsa, ta biyu ma haka. Ran ta ukun surukina ya aiko a kira ni tun da hantsi. Ya ce in duba rilen. Na duba, lafiyarsa ƙalau. Bayan la'asar ya yi kira, ya saurara, sauran duniya duk suna nan suna surutunsu. Ya ce in cire eriyar daga akwatin in haɗa ta da na'urar karɓa kai tsaye, kada komai ya shiga tsakani. Na yi. Muka zauna ni da shi muna sauraron wurin da muryar ta saba fitowa, har aka kira magariba.

Ɗan gilas ɗin yana wurina yanzu, a cikin audugarsa, kuma in na taɓa masa batir har yau yana cewa ƙis. Na yi shekara arba'in ina gyara, kullum addu'ata kada a samu kuskure a aikina. Ranar nan ce kaɗai na zauna ina roƙon Allah ya sa laifina ne.